Jaririyar da Na Ajiye a Tasha

Assalamu alaikum Hajiya Asiya,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa takardata a ƙasan tarin takardu, domin abin da ke gabana ba zai jira ba. Ni ba mai roƙo ba ce. Bakina ya fi sabawa da sa mutane dariya ko sa su tsine mini, amma yau ga ni a durƙushe. Na san duk wanda ya taɓa zama gaban akwatin talabijin a ƙasar Sakkwato da Kabi zai gane ni ko da na rufe fuska da buhu. Sunayen da na sauya, don yarinyar na sauya su, ba don kaina ba.

Ni 'yar wasan kwaikwayo ce. A Birnin Kebbi aka haife ni, a gidan da ake karatu tun daga zaure har cikin gida. Mahaifina malami ne, yayyensa malamai ne, ni kuwa Allah ya halicce ni da bakin kwaikwayon mutane. Tun ina ƙarama in baƙuwa ta fita sai in tashi in yi tafiyarta da muryarta, mata su yi ta dariya har da hawaye, sannan Inna ta bi ni da muciya. Da na gama makarantar horon malamai aka yi mini aure da Sirajo, mutumin Argungu, malamin gona ne a Sakkwato. A can na haɗu da ƙungiyar wasan wani mutum da zan kira Maigandi. Muka fara da rediyo, muka koma talabijin. Sirajo bai hana ni ba. Shi ma da kansa yake ɗaukata a babur ya kai ni wurin gwajin wasa, yana taƙama da ni a cikin abokansa. Mahaifina ne bai ƙara ce mini komai ba in ban da amsa gaisuwa, kuma a haka ya rasu.

Shekarar da soja suka miƙa mulki na haifi ɗiya mace. Zan kira ta Humaira. Ba sunanta ke nan ba, sunanta na gaskiya ma bai taɓa fita daga bakina ba, domin 'yar fari ce, kin kuwa san al'adarmu. Ba ka kiran sunanta, ba ka yi mata wasa a gaban mutane, in ta yi kuka a cikin jama'a ka kau da kai har wani ya miƙo maka ita. Na riƙe wannan kunya da kyau, har surukaina suna yabo, suna cewa ashe 'yar wasa ma ta san ya kamata.

Tana da wata bakwai Maigandi ya kawo wani wasa. Labarin wata mata ce mai suna Baiwa, wadda ta gaji da talauci ta ajiye jaririyarta a tashar mota ta bi wani direba. Ni aka ba Baiwa. Da farko 'yar tsana muka naɗe a zane, sai Maigandi ya ce a'a. Ya ce mutanenmu ba a yi musu wayo, da sun ga ƙafar roba sai su fashe da dariya, wa'azin ya tashi a banza. Haka muke aiki a lokacin. In ana son akuya a kawo akuya, in ana son tuwo a tuƙa tuwo, in ana son mari a yi mari. Ya dubi bayana ya ce, "To ga ɗiya nan Allah ya ba mu, mi za mu yi da roba?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Ban tambayi Sirajo ba. Ban ga abin tambaya ba.

Hajiya, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai mutum ɗaya, shi ma kwanan nan. Ranar da za a ɗauki wasan muka je tashar gaske. Na shimfiɗa ta ƙarƙashin bencin mai shayi, na rufe ta da gefen zane, na hau mota. Yarinya ta yi ta barcinta, domin ta ƙoshi. Maigandi ya ce ba zai yiwu ba, sai an ji kuka. Aka ɗaga sai gobe, ya ce kada in ba ta nono har a gama. Tun hantsi na hana ta. Rigata ta jiƙe da nono, na sa tsumma na tare. Da azahar ta yi aka kunna na'ura, na ajiye ta tana tsala ihu tana miƙo hannu, na yi dariyar nan ta Baiwa, na hau mota ban waiwaya ba. An ce kada in waiwaya, ni kuma gwana ce, ban waiwaya ba. Kukan da ya sa matan ƙasar nan hawaye na gaske ne, kukan yunwa ne, ni na sa ta.

Wasan ya karɓu fiye da duk abin da muka taɓa yi. Ya kuma kai Argungu, inda ake taruwa a dandali ana kallo a akwati ɗaya. Uwar mijina tana cikin taron. Ta ga jikanyarta, da zanen da ita ta saya mata da hannunta, a ƙarƙashin benci a tasha. An ce faɗuwa ta yi. Aka yi ta gaya mata wasa ne, ta ce wasa da jininta? Wanda ya iya yi a wasa ai ya iya yi da gaske. Ba a yi mako ba suka iso Sakkwato, ita da 'yarta Ummu Hani, yayar Sirajo, wadda ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Suka ce in zaɓa: ko in bar wasa in zauna da mijina da ɗiyata, ko in ci gaba su tafi da abinsu. Sirajo yana zaune kansa a ƙasa. Bai ce uffan ba, kuma har ya koma ga Allah ban yafe masa wannan shirun ba, ko da yake yanzu ina ganin nawa laifin ya danne nasa.

Na yi shekaru ina gaya wa mutane ƙwace ta aka yi. Ƙarya ce. An ba ni lokaci har in yaye ta. Wani malami abokin mahaifina ya aiko mini cewa ko aure ya mutu, shari'a ni ta ba riƙon ɗiya mace, in je wurin alƙali ba wanda zai taɓa ta. Na ji, ban je ba. A lokacin ana shirin kai ƙungiyarmu Kaduna da Legas, sunana yana bakin kowa, in na shiga kasuwa sai a bar ciniki a biyo ni. Na ce a raina, bari in je in dawo, ai Argungu ba lahira ba ce. Ranar da Ummu Hani ta zo ɗaukarta, ni na kwance ta daga bayana, ni na ɗora ta a bayan matar nan, ni na ɗaure majanyi. Ban yi kuka ba. Mata suka ce kai, wannan akwai kunyar ɗan fari. Ba kunya ba ce, Hajiya. Kunyar na samu na fake a bayanta. Bayan wata kaɗan takardar saki ta biyo.

Abin da ban yi tunani ba shi ne wasan ba zai mutu ba. Duk salla sai an maimaita shi, duk lokacin da aka rasa abin sawa sai a ɗauko shi. Yarinyar nan ta tashi tana kallon kanta ana ajiye ta ana tafiya. Yara suka sa mata 'Yar Tasha. Har yau akwai tsofaffi a Argungu da Gulma da za su rantse miki da Alƙur'ani cewa a tasha aka tsinto ta, ai sun gani da idonsu. Akwai saurayin da ya fara nemanta, iyayensa suka hana, suka ce ba su auren tsintacciya. Wannan labarin a bakin direba na ji shi, domin ta hannun direbobi nake aika mata kayan salla, ban taɓa kai ko ɗankwali da hannuna ba.

In ce Ummu Hani ta cuce ni, Allah zai tambaye ni. Ta riƙe yarinyar riƙon da ni ban san ko zan iya ba. Ta sa ta allo, ta sa ta boko, ba ta taɓa ɓoye mata ko wace ce uwarta ba, kuma sau da dama tana aiko mini in zo in gan ta. Kullum ina da uzuri: ga gwaji, ga tafiya, ga sabon aure. Na yi aure biyu bayan Sirajo, duka suka mutu, ko ɓatan wata ban ƙara yi ba. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi aka raba ma'aikatan gwamnati, ni ma ina cikinsu, sai aka turo ni gida Birnin Kebbi, na kama ɗaki a unguwar Nasarawa. Na ce to, Allah ya matso da ni kusa. Shekara shida ke nan. Na je Argungu yin wasa ban san iyaka ba, in tsaya gaban dubban mutane ban ji ko ɗar ba, amma in mota ta zo daidai kwanar unguwarsu sai in sunkuyar da kai kamar mai gyaran takalmi. Bara aka yi mata aure da wani manomin shinkafa a Ambursa, Atiku. Na aika gado da kwanuka, na zauna a ɗakina na ce ai uwar amarya ba ta fita.

Da daminar nan Ummu Hani ta rasu. Wannan karon na je. Ina shiga gidan makoki aka fara zunɗe, wata ma har ta matso tana raɗa mini wai in ɗan yi dariyar Baiwa su ji. A gidan mutuwa fa! Sai ga ɗiyata ta fito daga ɗaki da kwanon ruwa, doguwa kamar ubanta, ciki ya fito. Ta durƙusa yadda ake yi wa kowace baƙuwa, ta ajiye ruwan, ta ce, "Sannu da zuwa, Baiwa. An gode." Ta tashi ta koma. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta harare ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Na sha ruwan nan ban san ta inda ya wuce ba.

To ga inda ake. Cikinta ya shiga wata na bakwai, haihuwar fari ce, kuma kin san ba a haihuwar fari a gidan miji. Gida ake komawa goyon ciki, uwa ta tsaya kan wankan jego har a yi arba'in. Ubanta ya rasu, kakarta ta rasu, wadda ta goya ta ta rasu, gidan ma dangin mijin Ummu Hani sun rufe shi. Uwar Atiku tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, ya hau babur ya zo ya same ni ba da saninta ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ba mu da kowa. Ita ko ba ta magana, sai dai in iske ta zaune tana kallon bango." Tun da nake ba wanda ya taɓa ce mini Inna sai a wasa. Na share ɗaki, na sayi babbar tukunya, na aika wata maƙwabciyarsu ta gaya mata ɗakina a buɗe yake. Ga amsar da ta dawo mini, ban rage ko harafi ba: "Ku ce mata ba ni zuwa. Abin da ac cikina ba na aro na ba."

Yanzu sai maganar littafi. Akwai wani malamin kwaleji, Malam Abdulmuhaimin, da ya daɗe yana zuwa da rikoda duk Alhamis yana ɗaukar tarihina, yana rubutawa. Ya ce ba a taɓa jin tarihin 'yar wasa mace daga bakinta ba a ƙasar nan. Mun yi yarinta, mun yi rediyo, mun yi Legas. Ran nan bakina ya suɓuce na ba shi labarin tasha duka, har da hana nonon. Ya kashe rikoda, sannan ya ce wannan babin shi ne ran littafin, in babu shi sauran duk hira ce. Ya ce in aka buga, duniya za ta san yarinyar ba tsintacciya ba ce, da ubanta da asalinta, kuma ita ma in ta karanta za ta san ban manta da ita ba. Yana so a kai wa maɗaba'a kafin salla. Wani lokaci in ga gaskiyarsa. Ni da ba na iya haɗa ido da ita, wataƙila takarda ta faɗa mata abin da bakina ya kasa. Wani lokacin kuma sai in ji kamar zan sake shimfiɗa ta a ƙarƙashin benci ne mutane su taru.

Hajiya, ba na barci, ba na cin abinci, na daina zuwa gwaji. Ina tsoron ta haihu a hannun baƙi, ina tsoron wani abu ya same ta ban taɓa riƙe hannunta ba. Shin in bari a buga babin in aika mata kafin ta haihu? Ko in haƙura in bar ta, tunda ta faɗa da bakinta ba ta so na? Ko akwai wata hanyar da ni ban gani ba? Ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci, na saba da jifa.

Taki cikin damuwa,
Wadda ake kira Baiwa,
Nasarawa, Birnin Kebbi.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa,

Na karanta takardarki, na kuma ƙara sauya wasu abubuwa a cikinta kafin a buga ta a wannan shafin, saboda yarinyar. Kin ce in faɗa miki gaskiya, to ki gyara zama.

Zan fara da abin da ke gefenki, domin akwai shi. Kina da ƙuruciya aka ɗora miki zaɓin da ba a ɗora wa maza abokan aikinki ba. Shugaban ƙungiyarku da ya nemi kukan jaririya yana da nasa kason, mijinki da ya yi shiru yana da nasa, mutanen da suka kasa raba wasa da gaskiya har suka laƙaba wa yarinya sunan banza su ma za su amsa tambaya. Sana'arki ba abin kunya ba ce. Kuma ba kowace mace ce za ta iya cewa ni na miƙa ta, ba ƙwace ta aka yi ba. Wannan furucin shi ya sa nake ganin akwai sauran gyara.

Amma ki dubi gefenta. Ke sau biyu kawai kika hau motar nan, ita kuwa duk salla sai ta ga an tafi an bar ta, a gaban ƙawayenta. Daga baya kuma abin da aka nuna a akwati ya tabbata a zahiri. Ta ga kaya, ta ga gado, ta ga direbobi, ba ta ga uwa ba. Kunyar ɗan fari ta hana kiran suna ne da wasa a gaban jama'a, ba ta taɓa hana uwa taka ƙofar gidan da ɗiyarta take ba, ke ma kin faɗa. Saboda haka amsar da ta aiko miki ba rashin tarbiyya ba ce. Tsoro ne, irin na mai ciki da ta san abin da aka yi da wata jaririya. Kuma kada ki manta tana cikin makokin matar da ta goya ta.

Maganar littafi, amsata a'a ce. Kada a buga babin nan yanzu, kada kuma ki aika mata shi. Malamin ba mugu ba ne, amma shi littafinsa yake dubawa. Labarin nan ba naki ke kaɗai ba ne, rabinsa nata ne, kuma an taɓa ɗaukar rabonta an nuna wa duniya ba a tambaye ta ba. Ki yi tunanin mace mai tsohon ciki ta ji a bakin matan unguwa cewa da gangan aka bar ta da yunwa don kukan ya yi daɗin ji. Wannan ba wanke suna ba ne, sabon suna za a sa mata. Ki je ki karɓo kaset ɗin da rubutun wannan babin ki adana a wurinki. In yana so ya buga yarinta da rediyo da Legas, ya buga. In ya ce littafin ba zai yi armashi ba, to kada ya yi. Ko a nan gaba, ba a buga shi sai ita ta ji daga bakinki, ta kuma ce ta yarda. In ta ce har abada, to har abada ɗin.

Shawarar ki haƙura ki bar ta ma ban yarda da ita ba. Wannan haƙurin kin daɗe kina yin sa, kin kuma ga abin da ya haifar. Kuskurenki na baya-bayan nan shi ne kin sake yin aike, alhali zuwa da kai ya fi saƙo. Kin kuma ce ta zo ta same ki a ɗakinki, a garin da kowa ya san fuskarki, inda 'yan kallo za su cika gidan da sunan barka. Ba ita za ta zo ba. Ke za ki je.

Ga abin da za ki yi. Ki kira Atiku, ki ce masa ya gaya mata cewa ya taɓa zuwa wurinki, domin kada ta ji daga baya ta ga an haɗa baki a kanta, ki jawo musu rigima a aure. Ku nemi wata dattijuwa a Ambursa da yarinyar ta yarda da ita, ko ungozomar unguwa, ta zama ita ce mai tsaya mata. Tunda babu gidan da za a koma, ba laifi ba ne ta haihu a ɗakinta. Al'ada ba ta fi rai ba. Ki tabbatar yana kai ta awo asibiti, domin shirun nan da kallon bango da ya faɗa miki bai kwanta mini ba, a gaya wa malamar asibiti. Ke kuma ki ɗauki hutu a wurin aiki, ki nemi ɗaki a wani gida kusa da su, ba a cikin gidanta ba. Ki je da tukunyar da kika saya, da gero, da kayan yaji. Ki bar gwala-gwalai da turare a Birnin Kebbi. Wanda duk ya ce ki yi masa dariyar wasa, ki ce masa ba ki zo da ita ba.

Ranar farko ki nemi ganinta ku biyu, ki faɗi magana gajera. Ni na bar ki, ba wanda ya tilasta ni, na cuce ki, ina neman gafararki, kuma na yi miki alkawari abin da za ki haifa ba zai taɓa shiga wasa ko littafi ba. Shi ke nan. Kada ki kawo sunan Maigandi, kada ki kawo na marigayi ubanta. Kada ki yi kukan da zai sa ta koma lallashinki. Ke gwanar kuka ce a sana'a, ita kuma ta sani, don haka ba zai yi miki amfani ba. Ki yi wa Ummu Hani addu'a a gabanta, ki kira ta uwarta, domin uwarta ce. Maganar hana nono ki riƙe ta har ta yi arba'in ta warware, sai in ita ta tambaya, a nan kuwa kada ki yi mata ƙarya.

Daga nan sai aiki. Ɗiban ruwa, hura wuta, wankin tsumma, dama kunu, kula da uwar mijinta da ke kwance. Ki bi umarnin dattijuwar, ruwan wanka kada ya kai ga ƙuna, kanwa a kunu kaɗan. Wataƙila ba za ta bari ki taɓa jikinta ba. Wataƙila a yi suna a gama ba a miƙo miki jaririn ba, kuma kada ki miƙa hannu sai an ba ki. Ba zan yi miki alkawarin za ta kira ki Inna ba. Tana iya yafewa bana, tana iya yafewa bayan shekara goma, tana iya ƙi, kuma ba wanda zai ce ta yi laifi a gabana. Shekarun da suka wuce sun wuce, ba ruwan zafin da zai dawo da su. Abin da ya rage a hannunki shi ne kada ta haihu ba kowa nata a kusa.

In ta ce ki fita, ki fita ba gardama, ki koma ɗakin da kika kama. Da safe ki dawo ki yi sallama ki hura wuta. In ta sake kora, jibi ma ki dawo. Yarinyar nan tun tana zanen goyo take ganin tafiyarki, ba ta taɓa ganin dawowarki ba ko sau ɗaya.

Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za ta haifa a hannun uwarsa. Allah ya jiƙan Ummu Hani, ya saka mata da Aljanna. Ke kuma Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar tsayawa a bakin ƙofar nan.

Taku,
Hajiya Asiya